Lauyan Gwamnati da Hukumar Duba Asibiti: Abin da Shari'ar Sanƙarau ta Kano ta Koya Mana

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, da ku fatake da masu kanti, maganar wanga fili a yau ta shafi wani ma'aikaci wanda mafi yawanmu ba mu taɓa zama gabansa ba, alhali kuwa lafiyar iyalinmu tana rataye da aikinsa. Shi ne lauyan gwamnati, mai tsaya wa hukumar duba asibitoci da ɗakunan magani a gaban alƙali.

Duk wanda ya zaga birnin Sakkwato ya san cewa bayan manyan wurare, watau Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da Asibitin Noma, akwai ƙananan asibitocin kuɗi, da ɗakunan karɓar haihuwa, da ɗakunan awon jini, da kemis a kusan kowace unguwa. A cikin masu su akwai masana masu riƙon amana, waɗanda talakawa ke samun sauƙi a hannunsu ƙwarai. Akwai kuma wanda iyakar karatunsa shi ne ya taɓa riƙe wa likita tasa, sa'an nan ya koma unguwa ya ɗinka farar riga. Idan ma'aikatan lafiya sunka zo sunka sa wa irin wanga wuri kwaɗo, mukan ɗauka magana ta ƙare ke nan. To, ba ta ƙare ba, domin mai wurin yana da ikon kai ƙara, kwaɗon kuwa ba zai daɗe a ƙofa ba sai fa idan alƙali ya gamsu da dalilin sa shi. Mai gamsar da alƙali shi ne lauya, shi kuwa lauya ba shi da abin riƙewa sai hujja, watau rubutu da shaidu. Abin da ba a rubuta ba ranar da ya auku, da wuya ya tsaya a kotu bayan shekara goma. Wanga shi ne abin da muke son bayyanawa, da misalin wata babbar shari'a da anka yi a Kano.

Fasali na ɗaya: asalin duba masu magani

Kada wani ya ɗauka duba masu magani baƙon abu ne da ya zo da zuwan Turawa. Masu tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 319 ta Hijira, daidai da 931, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai yi masa magani. Da labari ya kai ga Halifa Muƙtadir, sai ya umarci muhtasibi da ya hana kowa aikin likita sai wanda Sinanu ɗan Sabitu, babban likitan zamanin, ya jarraba ya ba shi takarda. Waɗanda anka jarraba sun kai kimanin 860, ban da mashahurai da likitocin fada. Bayan haka Shaizari, malamin ƙasar Sham na zamanin Salahuddini, ya wallafa Nihayatur Rutba a kan aikin hisba, ya keɓe magana a kan likitoci, da masu maganin ido, da masu ɗori, da masu sayar da magunguna, da yadda muhtasibi zai gane na gaskiya daga mai algus.

Malamanmu da sunka karanta Muhtasar sun san hukuncin lamunin mai magani a mazhabarmu ta Malikiyya. Gwani wanda ya yi aikinsa bisa ƙa'ida da izinin mai jiki, sai ajali ya zo, babu komai a kansa. Amma lamuni yana hawa kansa ta hanya uku: idan ya jahilci aikin, ko ya san shi ya yi sakaci, ko ya taɓa jikin mutum ba da izini karɓaɓɓe ba. Ku riƙe waɗanga uku da kyau, domin duk dokokin asibiti na yau, kome yawan shafukansu, a kansu suke kewaye. Rajista da lasin maganin jahilci ne, zagayen masu dubawa maganin sakaci ne, takardar yarda kuwa ita ce izini.

A nan ƙasarmu ma shugabannin jihadi ba su bar wanga fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami a kan muƙaman hukuma da haddin kowane muƙami, muhtasibi kuma yana cikin ma'aikatan da jama'ar Shehu sunka naɗa. Da zamani ya juya zuwa mulkin En'e, dattawanmu sun tuna duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa da masai, in ya ga ƙazanta ya kai mai gida wurin alƙali a ci shi tara. A wancan lokaci duba-gari shi ne mai gani, shi ne mai ƙara, maganarsa kuma ta ishi alƙali. Yau abin ya sake, an raba aikin gida-gida, an kuma ba wanda ake tuhuma ikon ɗauko lauyansa.

Fasali na biyu: yadda anka raba aikin a yau

Mutum, da magani, da wuri, kowane da hukumarsa. Likita yana ƙarƙashin Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1963, ita ke riƙe da littafin sunayen likitoci, tana kuma da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da likita ko goge sunansa. Masu haɗa magani da masu kemis suna ƙarƙashin tasu majalisa, wadda anka sabunta dokarta a 2022. Magani shi kansa yana hannun NAFDAC, wadda anka kafa a 1993, ita ke ba shi lamba kafin ya shiga kasuwa. Wurin kuwa, watau ginin asibitin kuɗi da kayan aikinsa da ma'aikatansa, rajistarsa da dubansa aikin gwamnatin jiha ne ta hannun Ma'aikatar Lafiya. Wasu jihohi sun ware wa aikin hukuma tata ta musamman. Ikko ta kafa tata da dokar 2006, Kano kuma ta kafa wadda ake kira PHIMA a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje.

A 2014 anka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ta ce babu mai buɗe wurin jinya ko ya gudanar da shi sai da takardar shaidar cika ƙa'ida, kuma hukuncin ya haɗa da gwamnati ita kanta, ba masu asibitin kuɗi kaɗai ba. Ta hana a kori majinyacin da anka kawo cikin halin gaggawa, ta sa wa mai yin haka tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba. Ta kuma hana a yi gwajin magani a jikin ɗan Adam sai da yardarsa a rubuce bayan an gaya masa amfanin abin da illarsa, in yaro ne kuwa sai da yardar waliyyinsa. Amma doka a takarda ba ta kama kowa da kanta, sai an sami mai ɗaukarta ya kai gaban alƙali.

Fasali na uku: wane ne lauyan gwamnati, mene ne aikinsa

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 195, ya ce kowace jiha za ta sami Atone-Janar, shi ne babban jami'in shari'a na jiha kuma Kwamishinan Shari'a, ba a naɗa shi sai ya shekara 10 da zama lauya. A ƙarƙashinsa akwai daraktan gabatar da ƙararraki, da masu tsara dokoki, da lauyoyin da ke zuwa kotu kullum. Aikin yana da tarihi a Arewa. Marigayi Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya kama aikin lauyan gwamnati a 1956, ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa a 1961, daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992.

Aikin lauyan da ke tsaya wa hukumar duba asibiti ya kasu huɗu. Na farko, tsara kalmomin doka, domin kalma ɗaya mai fuska biyu takan zama kafar da mai laifi ke fita. Na biyu, ba da shawara kafin a ɗauki mataki. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, saboda haka lauya nagari yakan tambayi masu dubawa: kun ba mai wurin takardar gargaɗi? Kun rubuta abin da kunka gani, da ranar, da sa hannun wanda kunka tarar? Kun ɗebi samfurin maganin kun rufe shi a gaban shaida? In an ce a'a, wajibinsa ne ya ce a koma a cika, ko da shugaban hukuma zai ji haushi, sai dai in akwai haɗarin da ba ya jira. Na uku, kāre hukuma idan mai asibiti ya kai ta ƙara yana neman a buɗe masa ko a biya shi hasara. Na huɗu, gurfanar da mai laifi, inda ba a karɓar zato, sai hujjar da ta kawar da shakka. Kun ga dai ƙa'idar da munka sani ce, hujja tana kan mai da'awa, a nan kuwa gwamnati ce mai da'awar.

Akwai wani iko mai nauyi a sashe na 211. Atone-Janar yana iya buɗe ƙarar laifi, yana iya karɓe wadda wani ya buɗe, yana kuma iya janye ta kafin a yanke hukunci. Sashen ya ɗora masa sharaɗi, ya lura da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da shari'a. Ma'anar wanga ita ce, ko da yake gwamna ne ya naɗa shi, daga baitulmalin jama'a ake biyansa, jama'a kuwa su ne masu wakilta shi a haƙiƙa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Malamai sun san babin wakilci, sun kuma san ba ya halatta mutum ya karɓi wakilcin husuma a kan abin da ya san ɓarna ne. Lauyan da ya rufe fayil domin mai asibitin surukin wani babba ne, da wanda ya ɗaure mai gaskiya domin ya ƙi ba da na goro, duka biyu sun ci amanar mai wakilta su.

Fasali na huɗu: shari'ar sanƙarau ta Kano

A farkon 1996, zamanin mulkin soja, annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa irin wadda ba a daɗe da ganin kamarta ba. Fiye da mutum 100,000 sunka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 sunka rasu. A Kano anka riƙa kai yara Asibitin Zana, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke ba da magani kyauta. Cikin wanga hali sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka sunka zo wanga asibiti da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an yarda da sayar da shi ba. Sunka ɗauki yara kimanin 200, sunka ba wajen rabinsu Trovan, sauran sunka ba su wani magani sananne, amma bayan allurar farko anka rage musu awonsa. Aikin bai wuce 'yan makonni ba sunka koma. Yara 11 sunka rasu, 5 daga waɗanda anka ba Trovan, 6 daga ɗaya kashin. Wasu sunka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. A Amurka anka yarda da maganin domin manya a 1997, sa'an nan a 1999 anka taƙaita shi saboda yana lalata hanta, ƙasashen Turai kuma sunka dakatar da shi.

Shekara huɗu maganar tana kwance, har jaridar Washington Post ta tono ta a Disamba 2000. Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, wanda ya gama aikinsa a 2001 ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton nan kuma ya kwanta, jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai a 2006, da jaridar nan ta sake fitowa da shi. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, Atone-Janar na Kano, Barista Aliyu Umar, ya shigar da ƙara iri biyu a Babbar Kotun Jiha, ta laifi da ta neman diyya fiye da dala biliyan 2. Gwamnatin Tarayya ita ma ta shigar da tata a Abuja tana neman kimanin dala biliyan 7. Daga ranar gwaji zuwa ranar ƙara shekara 11 ke nan.

To, ku duba inda gardama ta tsaya. Kamfanin ya ce cuta ce ta kashe yaran, ba magani ba, domin sanƙarau shi kansa yana kisa, yana kuma barin kurumta da shanyewar jiki, ya ce ma yawan waɗanda sunka rayu a hannunsa ya fi na sauran wurare. A kan izini kuwa, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun yarda da baki. Iyaye sunka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu akwai maganin da anka sani kyauta a cikin asibitin ba. Babu takardun yarda masu sa hannun iyaye da za su raba gardama. Akwai wata wasiƙa da anka nuna a matsayin amincewar kwamitin ladabin bincike na asibitin koyarwa, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, sai ya bayyana cewa a wancan lokaci ba a riga an kafa kwamitin ba, an rubuta wasiƙar daga baya ne. Haka lauyoyin gwamnati sunka shiga kotu, yaran da sunka rasu an daɗe da binne su, waɗanda sunka rayu sun girma sun watsu, iyaye da yawa kuma ba su riƙe da ko guntun kati.

A Yuli 2009 anka yi sulhu tsakanin Kano da kamfanin a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 domin yaran da iyalansu, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Anka janye ƙarar laifi, ta Tarayya ma anka janye ta. Anka naɗa marigayi Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya shugabanci asusun diyya. Nan kuma rashin rubutu ya sake tashi, domin yara 200 anka yi wa gwaji, amma masu neman diyya sun haura 500. Tilas anka koma ga awon ƙwayoyin halitta wanda ke nuna dangantakar jini, wasu iyalai kuwa sunka ƙi yarda da shi. Sai a Agusta 2011 iyalai huɗu na farko sunka karɓi dala 175,000 kowane, shekara 15 bayan mutuwar 'ya'yansu. Ƙarar da wasu iyaye sunka kai Amurka tun 2001 ita ma da sulhu ta ƙare a 2011.

Fasali na biyar: abin lura

Mutane sun saɓa a kan sulhun nan. Wasu sun ce tsakanin biliyan 2 da miliyan 75 akwai rata mai nisa, kuma janye ƙarar laifi ya hana a ji gaskiya daga bakin alƙali. Wasu sun ce shari'ar da hujjarta ta yi rauni, abokin gaba kuma yana da dukiyar da zai ja ta shekara ashirin, gara a karɓi abin da ya samu tun iyaye suna da rai. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, da a ce a 1996 akwai mai dubawa da ya tsaya a ƙofar ɗakin nan ya nemi takardar izinin gwaji, da sunan kowane yaro da na ubansa da unguwarsu, da shaidar yardar kowane waliyyi, da aikin lauya ya zo da sauƙi, ko ma da ba a kai ga neman lauya ba.

Ku gwada da wata shari'a. A ƙarshen 2008 yara sunka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda a Ikko da Ibadan da Zariya, har adadinsu ya kai 84. Likitoci sunka lura iyaye da yawa sun ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin. NAFDAC ta ɗebi kwalabe daga kasuwa, anka auna, anka sami guba a ciki, anka bi lambar kwalba har inda anka haɗa ta. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowane. A nan lauya ya shiga kotu da kwalba a hannu da takardar awo, shari'ar kuma ta kai ga hukunci.

Hasarar Kano kuma ba ta tsaya ga iyalai 200 ba. Da anka zo rigakafin shan inna a 2003, labarin Asibitin Zana yana cikin abubuwan da mutane sunka riƙa ambatawa a dalilin ƙin yarda. Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, cutar ta koma ƙasashen da an riga an kawar da ita, yara da yawa sunka shanye. Sai da sarakuna da malamai sunka tashi tsaye shekara da shekaru, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana gabansu, kafin a 2020 a shaida cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Nijeriya. Idan jama'a sunka ga an cuce su ba a bi musu haƙƙi da wuri ba, sukan guji likitan ƙwarai tare da na banza.

Fasali na shida: abin da ya hau kanmu

Ga hukuma, muna roƙon a haɗa masu duba asibiti da lauyoyin Ma'aikatar Shari'a tun kafin a fita zagaye, a koya musu irin rubutun da kotu ke karɓa. Rahoton bincike kuma kada a bar shi ya kwana shekara biyar a cikin akwati. A kuma tuna ma'aikata ɗaya ce ke gurfanar da mai asibitin kuɗi, ita ce kuma ke kāre asibitin gwamnati in an kai shi ƙara. Mudun da anka auna wa wancan, da shi za a auna wa wanga, in ba haka ba masu asibitin kuɗi za su ce kishiya ce ke yi musu shari'a.

Ga fatake da masu kemis, ku ne kunka fi kowa sanin darajar littafin bashi. Ku riƙe rasit na duk katon ɗin magani da kunka saya, da sunan dillalin da ya sayar muku, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ranar da magani ya yi ɓarna, mai rasit yakan nuna inda ya samo, marar rasit kuwa a kansa igiya ke tsayawa. Kada mai lasin sayar da ƙwaya ya mai da bayan kantinsa ɗakin ƙarin ruwa ko na tiyata, domin abin da anka ba shi izini daban, wanga daban.

Ga iyaye da masu jinya, ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin takardar rajistar asibiti kafin ka kwantar da matarka. Ka adana katin asibiti, da takardar magani, da rasit, da kwalin maganin da anka sha. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba, ka kuma tafi da wani ya zama shaida. In abu ya faru, ka rubuta shi a ranar, ko da ajami ne, da sunan wurin da lokacin da abin da anka ba majinyaci, sa'an nan ka kai kuka Ma'aikatar Lafiya a rubuce, ka riƙe kwafi. Kada ka yi jinkiri, domin akwai dokar da ta taƙaita lokacin kai ƙarar ma'aikacin gwamnati zuwa wata 3 a shari'u da yawa.

Ga 'yan'uwana malamai, namu ya fi nauyi, domin mu ake kira wurin jana'iza, mu ne kuma ke ba da haƙuri. Gaskiya ne kowane rai da ajalinsa, amma malaman da sunka karantar da mu imani da ƙaddara su ne sunka rubuta babin lamuni da na diyya, ba su ga saɓani a tsakani ba. Magaji yana da ikon yafe nasa haƙƙi, yana kuma da lada. Sai dai barin jahili da allura a hannu haƙƙin sauran jama'a ne, wanda babu mai ikon yafe shi a madadinsu. Mun kuma san aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka da kafa masa shaidu, mun san hanin da anka yi a kan ɓoye shaida. In an yi wanga tsanani a kan dukiya, to, ina ga rai? Saboda haka idan lauyan gwamnati ya aiko da sammaci yana neman wanda ya gani da idonsa, kada mu ce wa mutum ya rufa asiri ya zauna gida. Mu ƙarfafa shi ya je ya faɗi abin da ya gani, ba ƙari ba ragi, ko shaidar ta taimaki hukuma ko ta wanke mai asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan yaran da sunka rasu, ya ba likitocinmu da lauyoyinmu da shugabanninmu ikon riƙon amana.